Lamba Shida da Sunan Ƙauyenmu

Akwai ranar da ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ita dai ba na jin zai iya ɗauke ta. A shekarar da mutanen Bama suka kwararo Maiduguri a ƙafa ne, da kaya a ka da yara a goye. Mu mun riga su shigowa da 'yan watanni, daga wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Konduga. Ni da matata da yara da tsohuwata muka sauka a Bolori, a wani kango na ɗan kawuna, ɗaki ɗaya da rufi, ɗaya babu.

A gida ni manomi ne, gero da wake, da rani kuma albasa. A birni sai na koma tura kurar ruwa. Bayan la'asar kuma ina zuwa ajin manya a zauren wani tsohon malamin firamare, domin a lokacin makarantu a rufe suke, shi kuwa ya ce zaman banza zai kashe shi kafin bindiga ta same shi. Na fara sanin lambobi sosai, haruffa kuwa ina haɗa su a hankali, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

Ana nan sai aka ce wasu masu ba da agaji sun zo wata makarantar firamare a unguwar, suna rajistar 'yan gudun hijirar da ke zaune a gidajen mutane. Wanda aka yi wa rajista zai samu katin abinci. Sharaɗin shi ne kowane babba ya zo da kansa, a ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa. Tsohuwata kuwa ƙafafunta sun kumbura tun tafiyar da muka sha a daji, ko bakin ƙofa sai an riƙe ta. Sai na sauke jarkoki daga kura, na shimfiɗa tabarma da bargo, na ɗora ta. Tana ta faɗa a hanya, wai na mai da ita ruwan sayarwa.

Mun je, mun dawo. Mun sake zuwa, mun sake dawowa. Layin ba ya tafiya, kuma dole a tashi da wuri saboda dokar hana fita. Kullum na tura ta, na rasa aikin ranar, ita kuma ta wuni cikin rana ƙafa na ƙara hawa. A gida tukunyar matar ɗan kawuna ce ke ciyar da mu, kuma na fara lura tana kankare gindinta da ƙarfi fiye da da. Ba ta taɓa cewa komai ba, wannan ne ma ya fi damuna.

Abin da ke riƙe layin kuwa ba sunaye ba ne, ba hoto ba ne. Adireshi ne. Ma'aikata uku ne a kan kwamfutoci, kuma kowane mutum sai an rubuta jiharsa, da ƙaramar hukumarsa, da gundumarsa, da ƙauyensa, duk da hannu. Mu kuwa mutanen ƙauye, idan ka tambaye mu ina ne gida, ba suna muke ba ka ba, hanya muke ba ka. Na ji wani dattijo a gabana yana yi wa wani saurayin ma'aikaci bayani.

“Ka san tsamiyar nan da ake ɗaure jakuna ranar kasuwa?”

“Baba, sunan garin nake so.”

“To ai shi nake kai ka. In ka bar tsamiyar a hannun hagu, sai ka gangara…”

“Baba, kwamfuta ba ta san tsamiya ba.”

“To me ta sani?”

Aka yi dariya, amma dariyar gajiya ce. Idan ma an samu sunan, sai a tsaya kan yadda ake rubuta shi. Sunan Kanuri ne ko na Shuwa, ma'aikacin bai taɓa jin sa ba, ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi, na kusa da shi ya rubuta daban, a goge, a sake tambaya. Ga kuma wani abu da na gane daga baya: wanda aka ƙone masa gida, idan ya fara faɗin inda gidan yake, ba ya iya tsayawa. Daga rijiya sai ya shiga wanda ya haƙa ta, daga nan sai inda aka binne shi.

Sai aka sanar cewa gobe ce ranar ƙarshe, daga nan za su koma Ajilari. Wanda bai samu ba, sai wani zagayen, kuma babu mai iya cewa yaushe. Na dubi layin, na dubi tsohuwata a cikin kura tana fifita da gefen mayafi. Na san a irin wannan tafiyar ba za a kai gare mu ba.

A cikin ma'aikatan nan uku akwai wata mata, za ta girme ni kaɗan, Kirista ce daga kudancin Borno, gajeriya mai tabarau da igiya a wuya. Kowa Madam yake ce mata. Da safen ranar ƙarshe muka tarar da ita a tsakar makarantar, ba a kan kwamfuta ba, da alli a hannu. Ta cika bangon aji da rubutu: sunan gunduma, a gabansa lambobi shida, sunan wata gunduma, lambobi shida. Ta hau kan benci ta tafa hannu.

“Jama'a, ku saurare ni. Ni na yi shekaru a gidan waya ina ware wasiƙu. Kowace gunduma a ƙasar nan tana da lambarta. Na ɗauko littafin lambobin, ni da abokan aikina mun zuba na Borno a cikin kwamfutocin nan. Yau ba mai ba ni labarin tsamiya. Lamba shida za ka ba ni, jiharka da ƙaramar hukumarka da gundumarka su fito da kansu, ƙauyukanku su jeru, mu taɓa naka. Shi ke nan.”

Na ɗauka murna za a yi. Sai jama'a suka kama kallon juna. Wanda bai zauna a Maiduguri a shekarun nan ba zai yi mamaki, amma a lokacin sunan ƙauyenka kaɗai yana iya jawo maka tambayoyin da ba ka da amsarsu. Har akwai waɗanda tsoro ya sa suka ce su 'yan Bolori ne tun asali, aka ce to ku ba 'yan gudun hijira ba ne, suka tafi babu kati. Yanzu kuma ga lamba. Wani tsohon bulama, wato mai unguwar ƙauyensu, ya miƙe yana dogara sanda.

“'Yata, a gaya mana gaskiya. Shanu ake yi wa lamba. In an sa mana ita, gobe wa zai zo ya ce duk masu lamba kaza su fito?”

Madam ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi masa dariya ba. Ta sauko daga bencin, ta je can ƙarshen bango, ta ɗora alli a kan wasu lambobi.

“Baba, ka ga wannan? Ta gundumarmu ce. Gidan ubana yana cikinta, cocin da aka ɗaura mini aure yana cikinta. Duka an ƙone. Lambar nan ta girmi wannan fitina, ta girmi yaran da ke riƙe da bindigogin. Unguwar manyan gari ma tana da tata. Ba a jikin mutum take ba, a jikin ƙasa take, don wasiƙa ta san inda za ta.”

Bulama ya ƙura wa bangon ido. Can ya ce, “To karanta mini tamu in ji ko ta yi kama da mu.” Nan aka fashe da dariya, ta gaske wannan karon, aka fara motsi.

Ta riƙa kiran sunan gunduma, mutanenta su taru a gindin bishiya guda. Ta yayyaga kwalayen sabulu ƙanana, ta ce kowace ƙungiya a samu mai kwafe lambar daga bango ya ba kowa a hannu. Da ta zo kanmu ta ce, “Wa ya san lamba a nan?” Na ɗaga hannu rabi, don ban taɓa rubutu a gaban mutane ba sai a zauren malam.

“Malam, ɗaga shi sosai, ba a karɓar harajin hannu.”

Na ce, “Madam, koyo nake yi, ban ƙware ba.”

“Shida ne kawai. In ka rubuta su sau ɗari yau, gobe kai ne malamin.”

Haka na durƙusa a jikin kurata, ina kallon bango ina kwafa. Da farko sai na dubi kowace lamba sau biyu. Kafin rana ta take, ba na ma ɗaga kai.

Abin da na gani a ranar har yanzu yana ba ni sha'awa. Mutum zai miƙa ɗan kwalinsa, a buga lambobi, a ce ƙauyenku wanne a cikin waɗannan, a karanto masa, ya ce wannan, a taɓa. Babu gardamar rubutu, domin sunan yana nan a rubuce iri ɗaya ga kowa. Layin da ya yi kwanaki yana rarrafe sai ga shi yana tafiya kamar an buɗe famfo. Saurayin nan da kwamfutarsa ba ta san tsamiya ba har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

Bayan azahar aka zo kanmu, kuma Allah ya sa teburin Madam muka faɗa. Na turo kurar har bakin tebur. Ta ce, “Kaka, sannu da rana. Ina ne gida?” Na miƙa kwali da sauri don in tare abin da na san zai faru, amma ina, tsohuwata ta riga ta gyara zama. Hausarta ba ta da yawa, sai ta kama da Kanuri: in ka bar kwalta, ka bi ta gonakin masakwa, wato dawar rani, akwai rijiya mai baki biyu wadda mahaifin mijinta ya haƙa. Na ce, “Iya, lamba kawai ake so, mutane na jira.” Na baya ma sun fara gunaguni.

Madam ta ɗaga mini hannu. “Bar ta. Fassara mini.”

Idonta na kan tsohuwa, yatsunta na kan kwamfuta. Ina fassarawa tana gyaɗa kai, tana cewa, “Rijiya mai baki biyu? Ikon Allah. Ruwan da daɗi?” Kafin tsohuwata ta kai ƙofar gidanmu a labarinta, an gama komai, saura hoto da yatsa. Lambar ta ɗauke wa Madam wahalar rubutu, sai kunnenta ya samu sarari. Sai ta juyo da fuskar kwamfutar wajena, ta nuna wani layi da bakin biro.

“Malam ɗalibi, karanta mata.”

Na sunkuya, na kama harafin farko, na haɗa da na biyu, leɓena na motsi. Ban kai ƙarshe ba na ji abin ya faɗo bakina da kansa. Sunan ƙauyenmu ne. Ban taɓa ganin sa a rubuce ba, ko allo babu a bakin hanyarmu. Shi ne kalma ta farko da na karanta a duniya ba a kan allon malam ba. Na faɗe shi da ƙarfi.

Tsohuwata ta dube ni, ta dubi kwamfutar. Ta ce in tambayi matar nan wa ya sa shi a ciki, ai an ƙone shi, ita da idonta ta ga hayaƙin.

Madam ta cire tabarau ta ce, “Gaya mata tun kafin a ƙone aka rubuta shi. Wutar ba ta kai nan ba.”

Na fassara wa tsohuwa. Sai ta tambaya ko garin da aka haife ta yana nan shi ma. Madam ta gangara da layin kaɗan, na sake haɗa haruffa, ga shi kuwa. Tsohuwata ta miƙa yatsan da aka riga aka shafa wa tawadar dangwale, ta taɓa gilashin a hankali, kamar yadda take taɓa goshin jariri. Ta bar ɗan shuɗin tabo a wurin. Madam ba ta goge ba, ta dai ce, “Na gaba.”

Mun samu katin. Kafin lokacin tashi, har na ƙarshen layi an yi masa, aka kuma aika a kira waɗanda tsoro ya sa suka ce su 'yan Bolori ne, waɗanda aka samu aka gyara musu. A hanyar gida tsohuwata ba ta yi faɗan kura ba. Ta sa ni in maimaita mata lambobin nan har ta haddace su da Kanuri.

Ban sake ganin Madam ba, ko sunanta ban sani ba. Amma na koyi abu a wurinta wanda nake aiki da shi har yau. Da ina ɗauka mai sauri dole ya ture mutane, mai haƙuri kuma dole ya ɓata lokaci. Ita ta zauna ta gano ainihin abin da ke cin lokacin, ta miƙa wa na'ura shi, abin da ya rage ta ba tsohuwar da ke son a ji inda gidanta yake.

Abin da muka rasa ba shi da wuyar faɗi. Gida ɗaya. Rumbu biyu cike da gero. Shanun noma biyu da jaki. Ƙanena, wanda ya koma ɗauko awaki, har yau babu labarinsa. Tsohuwata kuma a Bolori ta rasu, ba ta sake shan ruwan rijiyar nan ba. Lambobin shida suna nan, na rubuta su da hannuna a jikin ƙyauren ɗakina, da sunan ƙauyen a ƙarƙashinsu. Yarana da suka tashi a birni, idan aka tambaye su ina ne gida, sun san abin da za su ce.