Ranar da Falmata ta rufe ƙofa a kan gawar ƙanwarta

Kullum da hantsi Falmata Mala takan shanya safar hannunta ta roba a igiya, ta duba ko ruwan jabel ɗinta mai kashe ƙwayar cuta ya yi ƙasa. Mai wankan gawar mata ce a Gidimuni, aikin da kowa ke buƙata amma ba mai son ganin mai shi ta nufo ƙofarsa. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garin, shi ya koya mata yadda ake wanke wadda amai da gudawa suka kashe, ita kuma ta koya wa mata daga nan har ƙauyukan bakin iyaka.

Daminar bara aka gwada ta. Mota ta tsallako daga Najeriya da gawar ƙanwarta Lubabatu, mai aure a can. Direban ya ce amai da gudawa ne, kwana ɗaya. Kafin Falmata ta iso, 'yan'uwa sun jera ƙorai, kowacce na son sa hannu kamar yadda aka saba, ga kwatar gidan ta miƙe sai tafkin da gari ke ɗiba.

Falmata ta tsaya a bakin ɗaki ta ce ba mai shiga. Aka ce ta zama baiwar likita, aka ce ta raina jininta. Mahaifiyarsu Ummul Khairi ta taso da sanda.

"Ni na haife ta. Matsa."

"Iya, in kin taɓa ta, jibi ke zan wanke."

Ta rufe ƙofa. Ita da Sa'a, ɗalibarta, suka yi wa Lubabatu wanka da sutura, hawaye na zuba ba halin sharewa. Ruwan kuma a rami mai zurfi ya ƙare, nesa da tafki. Ba wanda cutar ta kwantar a gidan, amma tsohuwa ta daina amsa gaisuwarta har kaka.

Falmata, ke ce kika ɗauki fushin uwa don gari ya sha ruwa lafiya, kuma mun san ya yi miki ciwo. Mun gode, Allah ya biya ki. Matan yankinmu, ku je ku koya tun tana da ƙarfi.

Maƙwabta sun shaida ranar da tsohuwar ta sauko. Ba ta ba da haƙuri ba, cewa kawai ta yi: "In tawa ta zo, ke za ki yi mini. Ki sa safar."