Yadda Bala Emti Ya Raba Ni da Soron Kaka

Bala taubashina ne, ɗan Gwaggo Safiyatu ƙanwar mahaifina. Wato dai bawana ne, ko ya yarda ko bai yarda ba. A unguwarmu Kusfa idan ka ce Bala kawai, mutum goma sha biyu ne za su waiwayo, har da wani rago. Sai ka ce Bala Emti kafin a nuna maka shi.

Ni na laƙa masa sunan, kuma da mugunta na yi. Na kai aji uku a sakandare, shi kuwa firamare ma da ƙyar aka turo shi waje, don haka Turancin danginmu kaf a aljihuna yake. Emti a wurin Bature shi ne abin da babu komai a cikinsa. Mu muna da fanko, muna da wayam, muna da holoƙo, Bature kuwa da kalma ɗaya yake kiran su duka. Mai shago ba zai ba ka lemon kwalba ba sai ka kawo emti. Direba ya dawo daga Kaduna ba fasinja, ya ce emti ya taho. Uwargida ta girgiza tukunyar gas ta ji shiru, emti. Malaminmu na lissafi ma ya taɓa ƙwanƙwasa kaina ya faɗi kalmar, amma wannan hassada ce irin ta malamai.

Sana'ar Bala ita ce sayen abin da aka cinye cikinsa: jarkar mangyaɗa, robar ruwa, gwangwanin madara, bokitin fenti, buhun shinkafa. Ya wanke, ya shanya, ya kai wa masu zoɓo da kunun aya da manja. Idan ya ɗaura kaya a keke ya taso daga Ƙofar Doka, wallahi shi ba a ganinsa, sai dai ka ga tsauni yana tafe yana kaɗa ƙararrawa. Shirwa ma sai ta kauce masa.

Na ɗauka sunan zai sa ya ji kunya. Ashe allon talla na rubuta masa kyauta. Babu zauren da ba a kwaɗa masa kira. Nan a miƙo masa koko, can ɗumame, tsofaffi suna ta sa masa albarka sai ka ce shi ya haƙa musu rijiya. Ni da nake guge kaftani kullum, in na yi sallama sai a ce, “Wane ne? Au, Mamman ne. Ka ga Bala a hanya?”

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne soron Kaka.

Soro ne na ƙasa a bakin gidanmu, rufin azara, mai sanyi kamar cikin randa. Da Kaka ya rasu, Baffa Ja'afaru, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya miƙo mini makulli ya ce, “Riƙe wannan, Mamman. Ka kula da shi, in ka tashi aure sai mu gani.” Ni kuwa shekarata talatin da ɗaya ina kwana ɗaki ɗaya da ƙannena biyu masu minshari kamar injin markaɗe. Soron nan shi ne duk burina a duniya.

Na san halin gidanmu. Ka bar ƙofa a buɗe yini ɗaya, wata ta ajiye turmi, wani ya jingina babur, shi ke nan ɗaki ya zama na kowa. Sai na share shi tas, na fitar da komai har tabarma, na sayo kwaɗo mai girman kan jariri na garƙame. Damina biyu ban buɗe ba. Kullum da safe in zo in ja kwaɗon in ji yana nan, in yi gaba.

Wata rana Bala ya tare ni a ƙofar gida.

“Ranka ya daɗe mai soro, ka ara mini lungu ɗaya mana in zuba jarkoki. Rana tana gasa mini su.”

“Kai bawa, ɗan mace da kai, me ya haɗa ka da ɗakin gidanmu? Je ka gidan ubanka.”

“To na ji, ubangijina. Amma ka hau sama kuwa? Ciyawa ta fito a rufin nan, akuya za ta yi wata tana kiwo. Indararon ma ya toshe.”

“Wayo ke nan. In buɗe ka cusa kai.”

“Ko tagar ce ka riƙa buɗewa, ya sha iska.”

Na ce masa iskar ma ba ta da izini.

Ranar wata Talata cikin Agusta, bayan azahar, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina kwance ina jin daɗin sanyi sai na ji mata suna salati a tsakar gida. Na fito na ɗaga kai, sai ga Bala a kan soron Kaka, ruwa ya kai masa idon sawu, rufin ya zama tafki. Da hannu yake yakuce ciyawa da laka daga bakin indararo. Indararon ya ruɓe ya faɗo, sai ya zaro wuƙa ya tsaga wata jarka gida biyu ya cusa a gurbinsa. Ruwa ya ɓarke ta nan kamar an buɗe dam. Ya shimfiɗa buhuna a kan tsagar rufin ya danne da duwatsu. Ni kuma ina ƙasa da lema ina ba shi umarni, don aiki ba ya yiwuwa ba shugaba.

Da ruwa ya ɗauke, Baffa ya ce in buɗe. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka sa guduma. Warin da ya fito ya kori kaji har Ƙofar Kuyambana. Bango ya jiƙe ya yi baƙi, gara ta ci azara uku, ƙasa tana zubowa daga sama.

Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Mamman, ce maka na yi ka kula da shi.”

“Baffa, ai ko allura ba a ɗauka ba.”

“Me ka bari a ciki da za a ɗauka? Shekara sittin Baba yana yaɓe rufin nan kafin kowace damina. Ginin ƙasa in ba a shiga ana fita, ana buɗe shi yana shan iska, lalacewa yake yi. Kai kwaɗo ka yi wa hidima.”

Ya juya wajen Bala, wanda ke tsaye yana rawar sanyi har da ƙari don a tausaya masa. “Za ka iya gyara shi?”

“In an ba ni izini, Kawu.”

“An ba ka. Ka gyara, ka shiga.”

Na ce, “Baffa, ɗan mace ne fa!”

Ya ce, “Ɗan namijin ai mun ga aikinsa.”

Sati uku Bala ya yi yana kwaɓa ƙasa da ciyawa. Ya canza azara, ya yaɓe sama da ƙasa, ya shafa farar ƙasa. Kowa ya wuce sai ya tsaya ya ce ma sha Allah. Ni dai na duba da idon mai ilimi, bangon gabas ya ɗan karkace, amma ba wanda yake son jin gaskiya a gidan nan.

Jiya da hantsi na gan shi ya shigo da kafinta. Na leƙa don in ga ko katakon jera jarkoki za a buga. Ashe faɗin gado ake aunawa, gado kuma na mutum biyu. Gwaggo Safiyatu tana bakin ƙofa tana ta washe baki.

Bala ya hango ni ya ce, “Yauwa ubangijina, ka zo a daidai. Kama mana bakin tef ɗin nan, kai ne ka iya karanta lamba.”

Na kama. Ƙafa shida ne, amma biyar na ce musu.