Sana'ar da Ban Nuna wa Baba Ba

Gidanmu a Ƙofar Marusa gidan dukawa ne. A zaurenmu ba a yarda da aikin baki. In ka ɗinka jaka ko takalmi sai ka miƙa wa Baba, ya juya, ya ja ɗinkin da yatsa, sannan ya sa albarka ko ya jefo maka abinka. 'Yan'uwana duk sun bi ta wannan hannun. Ni kaɗai na zame, na shiga sojan sama, na zama matuƙin jirgin yaƙi.

Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne rada, na'urar da ke nuna maka jirgin abokin gaba tun ido bai kai gare shi ba. Shi ma ba wawa ba ne. Da ya ji ka kama shi sai ya watso siraran zaren alminiyam a iska, allonka ya cika da ɗige-ɗige kamar an zubar da gero. Sabon shiga yakan bi tarkacen. Wanda ya goge ya san tarkacen tsayawa yake yi a iska, jirgi kuwa ba ya tsayawa, don haka mai gudun za ka riƙe. Wani lokaci kuma ya turo maka hayaniyar lantarki har allon ya yi fari fat. A nan ba ka da nisansa, amma ya tona inda yake. Sai ka daure ka matsa kusa, har radarka ta fi ƙarfin ihunsa.

Shekaru na yi ina gumi a kan wannan, kuma an rantsar da mu cewa sirri ne, ko matarka kada ta ji.

Duk hutun da na zo, Baba zai ajiye basilla ya dube ni.

"Wai kai mi kake yi can sama? Gaya mani, in san abin da zan sa ma albarka."

"Baba, an hana mu faɗi."

"Har ni?"

"Har kai, Baba."

Sai ya yi dariya ya ce wa abokansa, "Ɗan nan nawa dai yawo yake a sama, gwamnati na ba shi abinci." Su yi ta dariya, ni ma in yi, amma abin yana cina. Shi ma na san yana cinsa, don ni kaɗai ne ɗan da bai taɓa riƙe aikinsa a hannu ba. Ya rasu ina bakin aiki, yana yi mini addu'ar sauka lafiya kawai.

Bara, bayan na yi ritaya, na kai wayata gyara wani shago a Kambarawa. Mai shagon, wani magidanci, yana wasan jirgin yaƙi a kwamfuta kafin yaransa su kawo kaya. Na leƙa. Ga allon rada, ga tarkacen, ga hayaniyar, kusan yadda na san su. Na tambaye shi inda ya samu, ya ce ai kowa na iya saukewa daga intanet, har da bayanin yadda ake yi. Wallahi raina ya ɓaci. Abin da na hana mahaifina ji, ga shi ana wasa da shi ana cin gyaɗa.

Mai shagon yana ta bin tarkace ana harbo shi. Na kasa haƙuri, na ce, "Malam, matsa in gwada." Na karɓa, na bar ɗige-ɗigen, na riƙe mai gudun, na matsa har hayaniyar ta yaye.

"Kai, Alhaji! A ina ka koya?"

Na ja kujera na zauna. Na fara tun daga farko, dalla-dalla, yadda na sha tsarawa a raina cewa zan faɗa wa Baba wata rana a zaurenmu. Ban rage komai ba. Shi kuwa yana ta cewa "to, to, Alhaji," idonsa na kan wayata yana kwance murfinta.