Kofur Philemon, Direban Fokalif

Philemon ya dawo Zuru a shekarar dubu biyu da ɗaya da akwatin ƙarfe guda, da tabon harsashi a cinya, da kunnen hagu wanda ya daina ji. Shekara goma sha shida ya yi a soja, biyu daga ciki a Saliyo. Ba ya ba da labarin yaƙi. In hira ta yi daɗi, abin da yake faɗa shi ne yadda aka koya masa tuƙa motar ɗaga kaya a ma'ajiyar soja, wadda ake ce wa fokalif. Mutane suka ci gaba da kiransa Kofur.

A bakin hanyar Mahuta akwai babban sito na siminti da taki, mallakar wani ɗan kasuwa mutumin Kudu mai suna Fidelis. Shi ya sayo tsohuwar fokalif daga Legas, rawaya, da ƙahonin ƙarfe biyu a gaba. Wata uku tana ajiye babu mai tuƙa ta, sai da aka kai masa Philemon.

Kullum da safe sai ya zagaye ta, ya taka birki, ya duba sarƙa da mai da tayoyi, sannan ya tayar. Makullin yana rataye a wuyansa da igiya. In ya ɗauki kaya, ƙasa-ƙasa yake tafiya da su, kuma ba ya fita ƙofar sito sai ya danna hon. Ya hana kowa hawa ƙahonin, ya hana wucewa ƙarƙashin kaya. Ya sha gaya wa 'yan dako cewa da ƙafafun baya take juyawa, wanda ya raɓi gindinta sai ta matse shi da bango.

Matsalar ita ce da hannu yake koyarwa. Wani ɗan dako mai suna Yari ya taɓa sunkuyawa ya wuce ƙarƙashin buhuna arba'in da ke sama. Philemon ya sauke kayan a hankali, ya kashe injin, ya sauko ya kwaɗa masa mari har jini ya fito ta kunne. Wani kuma da tsohon bel ɗin injin ya zane shi. Shekara uku babu wanda motar ta ko ƙuje, amma babu ɗan dako ɗaya da ke cin abinci kusa da shi.

Matarsa Saloma ta sha yi masa magana. "Baban Theresa, waɗannan magidanta ne, ba kurata ba ne. Wata rana hannun nan zai ja mana."

"Gara su ji zafin hannuna da su ji na ƙarfe," in ji shi.

A farkon daminar dubu biyu da huɗu ƙwan lantarkin sito ya mutu. Nnaemeka, ƙanen Fidelis, wanda ke kula da wurin, ya hau kan ƙahonin ya ce a ɗaga shi ya canja. Philemon ya ce a nemo tsani. Nnaemeka ya ce motar ta gidansu ce, ya sauko ya kai hannu ya fizgi igiyar makullin da ke wuyan Philemon. Kafin kowa ya motsa Philemon ya kai masa karo da ka a fuska. Hanci ya karye, haƙora biyu suka faɗi kan simintin ƙasa, kuma bai tsaya ba sai da mutum huɗu suka riƙe shi. Kwana biyu ya yi a hannun 'yan sanda. Fidelis ya janye ƙarar, amma ya karɓe makullin.

Aka ɗauko wani Ladan daga Kanya, direban tarakta, mutum mai fara'a wanda ya ce mota ai mota ce. 'Yan dako suka ji daɗinsa, don yakan ɗauke su a ƙahonin ya zaga da su fili suna dariya. Philemon kuwa ya koma gonar dawarsa.

Bayan mako shida ya zo sayen taki. Yana cikin layi a bakin ƙofa da hantsi sai ya ga motar ta fito da siminti, kayan a can sama kusa da rufi, tana gangarowa kan tudun da ake loda wa manyan motoci. Ba a danna hon ba. A ƙasan tudun wani ɗan dako mai suna Kefas yana ɗinke bakin buhu, ya ba ta baya.

"Sauke kayan, kar ka juya," Philemon ya ɗaga murya yana gudu.

Ladan ya riga ya murɗa sitiyari. Motar ta karkata, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, ta kife. Ladan ya yi tsalle ya faɗa gefe. Buhunan suka fashe, ƙura ta rufe wurin, kuma a cikin ƙurar aka ji ihun Kefas. Ƙarfen da ke ɗaga kayan ya danne masa ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa, ƙashi ya ɓullo.

Mutane suka kama hannuwansa za su ja. Philemon ya ture su. Ya sa direban wata tirela ya kawo jak biyu na ɗaga mota, ya sa a jawo katakai, yana ɗagawa kaɗan yana cusa katako, don kada ƙarfen ya koma kansa. Da aka zare Kefas, ya cire bel ɗinsa ya ɗaure masa cinya tamau, aka sa shi a bayan a-kori-kurar Fidelis zuwa asibiti.

A-kori-kurar tana fita 'yan dako suka juya kan Ladan. Ya yi ƙoƙarin haura katanga, suka jawo shi ta ƙafa. Suka rufe shi da katakai da shebur. Wani ya buga masa bulo a fuska. Yari, wanda ɗan ƙauyensu Kefas ne, ya gangaro da tsohuwar taya, wani ya tafi zuƙo fetur daga babur.

Philemon ya san abin da ke biyo bayan taya, ya gani a wata ƙasa. Ya kutsa cikinsu ya kwanta a kan Ladan, ya rufe masa kai da ƙirjinsa. Dukan bai tsaya ba. Wasu ba su gan shi ba saboda ƙura, wasu sun gan shi sarai, shekara uku suna jiran wannan rana. Wani katako mai ƙusa ya yage masa baya. Ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, shebur ya sauka a kai, ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin.

Bai rama ba. Ya ɗago fuska jina-jina ya yi wa Yari magana da Dakarci, yarensu na gida.

"Yari, in za ka kunna, kunna mu biyu. Sannan ka je ka gaya wa matar Kefas cewa kai ma za ka tafi kurkuku, ta nemi wanda zai nome mata gona."

Yari ya tsaya da taya a hannu, yana haki. Can ya sake ta, ta gangara ta faɗi. Sauran suka ja da baya ɗaya bayan ɗaya, kafin 'yan sanda su iso wurin ya watse.

Aka yanke wa Kefas ƙafa. Ladan ya rasa ido ɗaya, ya koma Kanya, bai sake taka Zuru ba. Mai ɗori ya gyara hannun Philemon, amma ya warke a karkace, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Da aka gyara motar Fidelis ya zo gida da kansa ya roƙe shi ya dawo aiki. Tuƙi ya gagare shi, sai ya koya wa wasu magidanta biyu, yana tafe a ƙasa gefen motar yana faɗa musu abin da za su yi. Sai da suka yi wata biyu suna ɗaga katakai marasa kaya kafin ya yarda su taɓa buhu ɗaya.

Da aka sallamo Kefas, Philemon ya je gaishe shi. Matar Kefas, Magdalene, ta shimfiɗa masa tabarma. Kefas yana jingine da bango, sanduna biyu a gefensa.

"An ce kai ka fito da ni, Kofur. Na gode," ya ce. Sannan ya ƙara, "Amma da ba ka fasa wa Nnaemeka hanci ba, da kai ne a kan motar ran nan. Da ina da ƙafata."

Philemon ya ce, "Haka ne."

Da kaka ta yi, Magdalene ta je gona da sassafe ta tarar da Philemon a ciki, yana yankan dawa da hannun hagu, ya riga ya gama kunya uku. Ta ajiye masa ruwa a gindin ɗorawa ta kama ɗaya gefen. Haka ya riƙa zuwa kowace shekara, har Kefas ya buɗe rumfar gyaran takalmi a kasuwa, ya aika masa cewa ya huta.