Kuben da Babu Bindiga

Shekarun baya, kafin in zo Jidda, ni ɗan sandan farin kaya ne a gida Najeriya. Ranar da aka ce mu zaɓi ƙaramar bindigar da za mu riƙa ɓoyewa a jiki, na miƙa hannu kan wadda ta fi kowace girma, don a lokacin ji nake ƙasar ma ni nake riƙe da ita. Abokina, wanda ya riga ni shiga aikin, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce bindigar da za ka wuni da ita ba da ido ake zaɓenta ba, da ƙugu ake. Ya sa na soke ta a wando, na zauna, na tashi, na yi ruku'u. Ai kuwa ta tokare mini haƙarƙari, gindinta ya turo riga kamar na saci doya. Haka na haƙura na ɗauki wata siririya marar nauyi.

Daga nan ya kai ni wurin wani baduku, aka jiƙa fata aka matse ta a jikin bindigar, aka ɗinka mini kube daidai ƙuguna. Shekaru muka yi muna yawo tare, tasa a hagu, tawa a dama. Sai ciwo ya ɗauke shi. Aikin ya fita daga raina, na mayar musu da bindigarsu, amma kuben nawa ne, na jefa shi a jaka.

A Jidda na samu aikin kula da masu gadi a wani sito a unguwar masana'antu. Nan baƙo ba ya riƙe makami, daga tocila sai oba-oba. Ɗakina a unguwar Bani Malik ni kaɗai ne, wani lokaci in wuni ban yi Hausa da kowa ba. Kullum ina jin ƙuguna fayau, kamar na manta wani abu a gida. Wata safiya na ɗaura kuben a ƙarƙashin riga, na zura iƙamata, wato katin izinin zama, a ciki, wai don kada katin ya ɓata. Gaskiyar magana, kaɗaici ne ya dame ni.

Wata Juma'a da la'asar na je unguwar Hindawiyya sayen tsire, don in ji ana Hausa ko da rabinta Larabci ce. Ina tsaye gaban mai tsiren, wani dattijo haifaffen nan, sai ga ɗan sanda yana duba takardu. Ya ce mini, "Iƙama." Hannuna bai yi shawara da ni ba, ya yaye riga ya nufi ƙugu, yadda aka horar da shi. Ɗan sandan yana hango kuben ya ja da baya ya dafa bindigarsa. Na san tsayuwar nan, ni ma na sha yin ta, kuma na san abin da ke biye mata.

"Ɗan'uwa, kada ka motsa," in ji dattijon a hankali. "Ɗaga hannu, yalla."

Na ɗaga. Ɗan sandan ya zare kuben da kansa, ya ga kati kawai. Dattijon ya zama tafinta: ina bindigar, me ya sa nake ɗaure da wannan? Ɗan sandan ya ce zai tafi da kuben. Wallahi jin haka ya fi tsoron harbin yi mini ciwo. Na ce a gaya masa ni ma tsohon ɗan sanda ne, kuma wanda ya sa aka ɗinka mini shi ya rasu. Ya juya fatar, ya ga inda gumi ya mayar da ita baƙa, ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙo mini ya ce halas, wato shi ke nan, amma kada in sake ɗaura shi.

Na koma ɗaki da tsire a leda ɗaya, kube a ɗaya. Mutum ɗaya ne a duniya zai ji labarin nan ya faɗi don dariya, shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Na rataye kuben a ƙusa, na zauna na ba shi labarin tun daga farko, da babbar murya.

Yau ina da abokai a nan, alhamdu lillahi, dattijon ma har gidansa nake zuwa. Amma har gobe in na sunkuya ruku'u, hannuna na dama sai ya ja rigata ƙasa, kada abokina ya ce bindigar ta fito.