Injin da Mamman Ya Bari a Kwance

Bana shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ran ƙanena Mamman. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan je maƙabarta in yi masa addu'a in dawo gida, ba na ce wa kowa komai. Bana na ga ya kamata in rubuta, saboda abin da ya faru da motarsa.

Mamman direba ne a nan Bagudo. Yana da tsohuwar a-kori-kura fara, wadda yake ɗaukar busasshen kifi da shinkafa da albasa daga Zagga da Kurgu zuwa kasuwannin bakin iyaka, ya dawo da gishiri da fasinja. Bai taɓa kai ta gareji ba. A gida yake gyaranta, a ƙarƙashin rumfar da ke tsakanin zaure da cikin gida, inda ya fasa katanga ya sa ƙofar kwano mai faɗi dominta.

A shekarar da zai rasu, injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Da aka gama yankan shinkafa sai ya sauke shi ya kwance. Yana da irin tasa hanyar. Ba ya yi wa ƙarfe alama. Sai ya share ƙasa, ya ja layuka da kara, kowane fistin da layinsa, ya jera duk abin da ya fito tare da shi a wannan layin, manya a gaba, ƙanana a baya, notuna cikin gwangwanin madara. Idan ya tashi mayarwa, ƙasar ce take gaya masa abin da ke bin wani. Matarsa Kulu takan ɗaure awaki ta kulle kaji har sai ya gama.

Ya ƙetare iyaka ya sayo sababbin ringi, zobban da ake sa wa fistin, ya dawo da zazzaɓi. Ya ce gajiya ce. Mako bai cika ba muka kai shi makwancinsa.

Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa daga Matsinkai, daga Zagga, daga ƙetare. Zaure ya cika, rana tana dukan dattawa a waje, inuwa kuma babu sai ta rumfar nan. Ni ne babba, ni ake tambaya. A wurinmu abin kunya ne a bar mai ta'aziyya a rana. Na dubi ƙarafan na ga tarkace a kan hanyar baƙi, na ce a kwashe. Aka zuba su a buhunan shinkafa, aka share ƙasa tas, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi. Kowa ya yaba yadda muka karɓi jama'a.

Da la'asar Sule ya iso. Abokin Mamman ne, bakanike, Badende daga ƙetaren iyaka. Ya yi mini gaisuwa, ya zauna, ya shafa ƙasa a gefen tabarma.

"Wa yash share nan?"

Na ce ni na sa. Sai ya ce, "Allah shi jiƙan Mamman." Bai ƙara ba.

Sai bayan addu'ar arba'in ya yi mini bayani. Ya ce tsohon inji ba kamar sabo ba ne. Kowane ƙarfe ya yi shekaru yana gugar abokin zamansa har sun ci juna sun daidaita. A ido duk iri ɗaya ne, amma idan ka ba wannan abokin wancan, injin zai cije ko ya ci kansa. Na saurare shi har ya gama. Na ce to, za mu duba bayan damina.

Daminar ta wuce, wasu suka biyo ta. Tayoyi suka sace, aka ɗora motar a kan duwatsu, kaji suka mayar da kujerar gaba wurin yin ƙwai. Buhunan suna jingine a lungu. Kullum da safe nakan bi ta gabansu in shiga gaida iyalin Mamman, in fito ta gabansu. Ba zan ce ina jin zafi ba. Ina ganinsu ne kamar yadda nake ganin katanga.

Wani lokaci nakan tambayi kaina abin da Mamman zai ce da ya ga yau. Hanyar da yake bi yanzu babura ne suka cika ta, kowane da jarkokin fetur a ɗaure. An rufe iyaka an buɗe, kasuwannin da ya sani wasu sun rame. Direbobin yanzu ba sa kwance inji. Idan ya gaji sai a cire shi ɗungurungum a sa na hannu da aka shigo da shi daga Kwatano, a jefar da tsohon. Ina jin da Mamman ya gani, tsaki kawai zai yi ya nemi kara ya ja layi a ƙasa. Ko kuma shi ma ya sayi babur. Ban sani ba. Na daɗe da daina cewa na san abin da zai yi.

Bana Nasiru, babban ɗan Mamman, ya zo mini da magana. Iyalinsa sun ƙaru, yana son ya gina ɗaki a wurin rumfar. Ya yi magana da 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Za su zo da wuta su yanka motar a inda take, su kwashe da buhunan. Gaskiyarsa ce, na ce na yarda. Da muka shiga muka gaya wa Kulu, tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Yaya, ba a yanka ta cikin gidan ga. Da ƙafarta ta shigo, da ƙafarta za ta hita. In ta wuce ƙofa, ku yi yadda kuka so."

Nasiru ya ce, "Inna, motar da ba inji?"

"Injin na nan. Baffanka ya san inda anka sa shi."

Shekara tara ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba sai ranar.

Na aika wa Sule. Ya zo da akwatin sifanoni da tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗayar an maye ta da zare. Muka zazzage buhunan. Tsatsa ta kama wasu, gara ta ci gindin buhu ɗaya. Ringin da Mamman ya sayo suna nan cikin takardarsu mai maiƙo, ba abin da ya taɓa su. Muka jiƙa ƙarafan a kananzir, ni ina wankewa, shi yana dubawa.

"Kai dai wanke ka miƙo, Malam," in ji shi. "Tsintsiya kuwa na ce Kulu ta ɓoye ta."

Aikin ba na sauri ba ne. Sule yakan ɗauki ƙarfe biyu ya haɗa, ya bi bakinsu da babban yatsa, ya kai su rana ya dubi inda suka yi sheƙi. Idan ya ga kamar sun dace sai mu ɗaure, in juya injin da hannu. Ya cije, mu kwance, mu gwada wani. Akwai ranar da muka yi tun safe har azahar a kan abu ɗaya, ashe na farkon da muka ajiye shi ne daidai. Manyan notuna biyu sun ɓace. Muka same su a gidan wani masunci maƙwabcinmu, ɗaure a bakin tarunsa a madadin dalma. Ya ce a hanya ya tsince su tun shekarar rasuwar. Ya kwance ya ba mu, yana mita.

Muka shafe makonni. Nasiru ya riga ya sauke yashi a ƙofar gida, kullum ya leƙo ya ce, "Baffa, har yanzu?" Sule ya ce masa, "Ubanka ma da shi ka yi, da ya gama. Mu tsofaffi biyu ne da ido ɗaya da rabi."

Ranar da muka gama, mai faci ya hura tayoyi, muka sauke motar daga kan duwatsu, muka aro batir, Sule ya ɗiga fetur a kafireta. Nasiru ya zauna a kujerar ubansa ya murza makulli. Motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake. A wani karon ta kama, gidan ya cika da hayaƙi, kaji suka watse, maƙwabta suka taru suna kabbara. Na tsaya da tsumma a hannu ina jiran in ji wani abu a ƙirjina. Abin da ya zo mini shi ne ban ba tumakina ruwa ba.

Kulu ta fito bakin ƙofar cikin gida ta tsaya, ta karkata kai tana saurare.

"Ba haka take kuka ba," ta ce. "Wanga kukan naku ne, kai da Sule. Amma ku buɗe mata ƙofa."

Muka buɗe. Motar ta fita a hankali tana karkarwa, ta sauka kan hanya, ta kai gindin kukar da ke gaba da masallaci, ta mutu. Sule ya ce ta cije, ba za ta sake tashi ba. A can 'yan gwangwan suka same ta. Na koma na tarar da Kulu ta zauna.

"Ta wuce ƙofa?"

"Ta wuce."

"To, alhamdu lillahi."

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Mamman, zan ce akwai 'ya'yansa, akwai masu kifi da har yanzu suke cewa bai taɓa barin kayansu a hanya ba. Akwai kuma mace ɗaya da ta riƙe kukan injinsa a kunnenta shekara tara, har ta ji na wasu ta ce ba shi ba ne. Ni da muka fito ciki ɗaya da shi, na yi ta ƙoƙarin tuna yadda motar take kuka a hannunsa. Ban iya ba. Allah ya jiƙan Mamman.