Lemon Baffa Tanimu na Bakin Katanga

Duk wanda ya san Baffa Tanimu ya san ba ya amsa gaisuwar ɗan Adam da safe sai ya gama gaida itatuwansa. Ni kaina, tsohon magatakardan kotu, na sha tsayawa a bakin garkarsa ta Ƙofar Jatau da hannu a miƙe, shi kuwa yana can yana tambayar gwaiba yadda ta kwana. In na yi gyaran murya sai ya ce, "Isiyaku, yi haƙuri. Kai da ƙafarka ka zo, su kuwa sai an je musu."

Kun san dokarsa. Ba wanda ke tsinkar komai a garkar nan sai shi. In ya ba ka mangwaro, a gabansa za ka sha, ka miƙa masa ƙwallon. Wani baƙo daga Wusasa ya taɓa sa nasa a aljihu, Baffa ya bi shi har zaure yana cewa, "Malam, mangwaro na ba ka, ban ba ka bishiya ba!" Lemo kuma a kwando yake aiko mana, mai zaƙi kamar an zuba masa zuma. Ka tambaye shi wace bishiya ce ta haife shi, ya ce, "Sha abinka, ina ruwanka da uwarsa?"

Wannan rashin tsari ya daɗe yana ci mini rai. Wata shekara na sa aka yanka mini ƙananan alluna na kwano, na sayi fenti, na roƙe shi ya faɗi sunan kowane iri in rubuta in rataya. Ya karɓa da godiya har da sa albarka. Da na koma, sai na tarar da allunana a rufin akurkin kaji. Wallahi raina ya ɓaci! Na ce, "Baffa, wannan ai wulaƙanta ilimi ne." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tun kana tsumma na san ka. Ka taɓa ganin na rataya maka allo a wuya?"

Haka muka yi da shi a kan katanga. Akwai inda damina ta cinye gindinta ta ɓangaren lungu, ta bar kafar da akuya za ta iya zura kai. Na kawo magini, ya kore shi. Ya ce, "Katanga ma tana son shan iska." Na tafi ina huci.

Da Allah ya karɓi abinsa, garkar ta faɗo mana gado, ni ɗan ɗan'uwansa da 'yarsa Hajiya Talatu. Gidan na fama da rashin ruwa, aka yanke shawarar haƙa rijiyar burtsatse, kuma dole bishiya ɗaya ta faɗi kafin injin ya samu wurin tsayawa. Ga itatuwan lemo birjik, ba 'ya'ya a lokacin, ba suna, ba alama. Ni aka ɗora wa zaɓi, kuma tsorona ɗaya: kada in sa gatari a kan uwar lemon kwandon nan.

Hajiya Talatu ta ce, "Yaya, a sare na bakin katanga mana. Kowa ya ce tsami gare shi."

Na ce, "Kowa wa? A kawo mini shaidu."

Alhaji Bala, maƙwabcinmu mai shagon yadi, shi ya fara zuwa. Ya ce, "Malam Isiyaku, sare shi kawai! Sai da haƙorana suka mutu, na kwana biyu ban tauna nama ba." Ladanin masallacinmu ya karɓe: "Ni da na lasa, ranar da ƙyar na kira la'asar."

Na gyara tabarau na ce, "Madalla. To, marigayi ne ya ba ku?"

Alhaji Bala ya shiga gyaran hula. Ladan ya ce, "Ai reshen ne ya leƙo hanya."

"Ya leƙo, ya faɗa muku baki?"

Jama'a, dattawa masu furfura! A aikina ban taɓa ganin alƙalin kirki ya yanke hukunci da shaidar wanda ya miƙa hannu ta saman katangar mutane ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Na ce ba za a taɓa bishiyar ba sai ta yi 'ya'ya ta kare kanta. Hajiya Talatu ta yi fushi, ta ce taurin kan Baffa ne kaɗai gadon da na cinye ni kaɗai. Haka aka ci gaba da sayen ruwan garuwa, ana hararata.

Da lemo ya nuna, na tsinko ɗaya daga reshen da ya haura katanga. Subhanallahi! Ladan bai yi ƙarya ba, sai da idona ya kawo ruwa. Na zagayo ciki na tsinko wani, sai ga zumar kwandon nan a bakina. Na duba da kyau, na ga tabon aure a jikin rassan. Ashe iri mai zaƙi Baffa ya aura wa bishiyar ta cikin gida, ya bar reshenta na asali, mai kama da na zaƙi a ido, ya leƙa hanya daidai tsayin hannun babban mutum. Shekara da shekaru yana zaune a inuwa yana sauraren dattawan unguwa suna tofar da yawu a bayan katanga!

Ina cikin dariya na ga wani reshe da aka lanƙwaso ƙasa, aka ɗaure da tsumma, aka zura shi ta kafar nan da ya hana ni toshewa. Na fita lungu, na durƙusa da ƙyar, na tsinka. Zaƙi ne zalla. Ba mai ganinsa sai wanda tsayinsa bai wuce ƙugu ba, kuma ƙasan wurin ta yi sumul da sawun ƙananan ƙafafu. A nan na daina dariya.

An haƙa rijiyar a gurbin wata tsohuwar gwanda da ta daina haihuwa. Lemon yana nan, kafar tana nan, ban kuma rataya wa kowa allo ba. Da safe nakan shiga in ce wa itatuwan ina kwana, a hankali, don kada Alhaji Bala ya ji.

Allah ya jiƙan Baffa Tanimu, ya yafe masa haƙoran dattawa, ya sa ladan yaran lungu ya riske shi. Allah ya sauko masa da rassan Aljanna daidai hannunsa. Amin.